Naman kaza a bayan gida: yadda idon gida ya kusa yaudarata a Beltsville

A garinmu can wajen Zariya, idan damina ta yi nisa, yara kan tsinci naman kaza fari a jikin suri. Wasu gidajen su jefa shi a miya, wasu su ce laimar kwaɗi ce, ba abin kai wa baki ba. Gidanmu muna cikin masu ci. Shi ya sa wata Asabar cikin Oktoba, bayan kwana biyu ana yayyafi, da na ga wasu farare tas sun tsiro ƙarƙashin bishiyoyin bayan gidanmu a Beltsville, jihar Maryland, ban yi wata-wata ba na cika leda. Har na yanka albasa.

Allah Ya sa maƙwabciyata, wata dattijuwa mai son lambu, ta hango ni. Ta ce in tono guda ɗaya tun daga tushe. Sai ga wata 'yar jaka a gindinsa kamar ɓawon ƙwai, ga zobe a wuyansa. Ta ce wannan dangin Amanita ne, wanda mutanen nan ke yi wa laƙabi da mala'ikan halaka. Dafuwa ba ta kashe dafinsa. Wanda ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan amai da gudawa su taso. Daga baya ya ji kamar ya samu sauƙi, alhali hanta ce ke lalacewa. Baƙi irinmu kan faɗa wannan tarko, domin ya yi kama da wanda muka sani a gida.

Abin dariyar shi ne, a wannan gari namu cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka take ajiye da samfurin naman kaza da danginsa sama da miliyan ɗaya, ni kuwa na kusa kai iyalina asibiti.

Ita ce ta haɗa ni da ƙungiyar Mycological Association of Washington, masu fita daji rukuni-rukuni tare da masana. A fitata ta biyu na ga abin da ya saye zuciyata: wani curi mai ruwan toka a gindin tsohuwar bishiyar ok, ya yi fiffike bisa fiffike kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Japanawa na kiransa maitake, sunansa na Turanci kuma ma'anarsa kazar daji. Ashe ba Bahaushe kaɗai ya ga kaza a jikin abin nan ba. Ƙasansa babu layi-layi irin na Amanita, sai ƙananan huji farare. Na soya shi sosai da man gyaɗa da yaji, na ɗanɗana kaɗan tukuna kamar yadda suka ce, domin ko mai kyau yakan ɓata wa wasu ciki. Washegari muka ci da shinkafa.

Har yanzu ba na cin komai sai masani ya riƙe shi a hannu ya duba. Hoton waya bai isa ba. Wuraren shaƙatawa na gwamnati da dama sun hana tsinka, sai an tambaya. Lambar cibiyar guba, 1-800-222-1222, tana manne a firijinmu.

Maitake yakan sake fitowa a gindin bishiya ɗaya kowace kaka. Na gano wata a bayan gidan wani abokina, mun yi yarjejeniya: rabi nasa, rabi nawa.