Western Union

Western Union kamfani ne na ƙasar Amurka da ke hada-hadar aika kuɗi daga wani wuri zuwa wani, musamman tsakanin ƙasa da ƙasa. Hedikwatarsa tana birnin Denver a jihar Colorado, kuma ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta New York. Yana aiki a ƙasashe da yankuna sama da 200 ta hannun wakilai irin su bankuna, gidajen waya da shaguna. Asalin sana'arsa aika saƙo ta wayar tangaraho ce, kuma ya shafe fiye da shekara ɗari yana jan ragamar wannan fanni a Amurka kafin ya koma kacokan ga harkar kuɗi.

Kafuwa

An kafa kamfanin a shekarar 1851 a garin Rochester na jihar New York da sunan New York and Mississippi Valley Printing Telegraph Company. Hiram Sibley na cikin manyan waɗanda suka assasa shi. A wancan lokacin ƙananan kamfanonin tangaraho sun yi yawa, kowanne da layinsa, har saƙo guda kan ratsa hannun kamfanoni da dama kafin ya isa. Sibley ya duƙufa wajen saye da haɗe waɗannan layuka. Bayan haɗewa da kamfanin Ezra Cornell, aka sauya masa suna zuwa Western Union Telegraph Company a 1856.

A watan Oktoban 1861 kamfanin ya kammala layin tangaraho na farko da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta. Saƙon da a da yakan yi kwanaki a bayan doki ya koma isa cikin mintuna, abin da ya kawo ƙarshen kamfanin Pony Express mai kai wasiƙu da dawakai. Daga nan ya fara shimfiɗa layi zuwa Turai ta Alaska da Saberiya, amma ya watsar da aikin a 1867, domin an riga an yi nasarar shimfiɗa waya ta ƙarƙashin tekun Atilantika a 1866.

Fara aika kuɗi

A 1871 Western Union ya ƙaddamar da aika kuɗi ta tangaraho. Mutum zai biya kuɗi a ofishin garinsu, ma'aikaci ya buga saƙo zuwa ofishin wani gari, a can kuma a miƙa wa mai karɓa daidai adadin. Kuɗin ba sa tafiya ko'ina, umarni ne kawai ke tafiya, ofisoshin kuma su daidaita lissafi a tsakaninsu daga baya. Har yau a kan wannan tsari aikin kamfanin ya dogara.

Ya taɓa shiga harkar wayar tarho, amma ya janye a 1879 bayan shari'a da kamfanin Bell a kan haƙƙin mallakar fasahar. Kamfanin AT&T ya karɓe ikonsa a 1909, sai dai matsin lambar gwamnati kan hana babakere ya sa ya sake shi bayan 'yan shekaru. A 1943 ya haɗe da babban abokin hamayyarsa, Postal Telegraph, sannan a 1974 ya harba tauraron ɗan adam na sadarwa mai suna Westar 1.

Durƙushewa da farfaɗowa

Da kiran tarho mai nisa ya yi araha, kasuwar tangaraho ta ja baya. A shekarun 1980 bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya shiga sayar da kadarorinsa na sadarwa. A 1991 uwar kamfanin ta koma amsa sunan New Valley Corporation, kuma ta shiga shari'ar fatara. Sashen aika kuɗi ne ya ci gaba da kawo riba, shi ne First Financial Management Corporation ya saya a 1994 a kan kusan dala biliyan 1.2. A 1995 wannan kamfani ya haɗe da First Data.

A ƙarƙashin First Data ne Western Union ya bazu a duniya, yana bin sawun 'yan ci-rani masu aika kuɗi gida. A watan Janairun 2006 ya daina aika saƙon tangaraho baki ɗaya, a watan Satumban shekarar kuma ya rabu da First Data ya zama kamfani mai cin gashin kansa.

Yadda yake aiki

Mai aikawa yakan biya kuɗi a wurin wakili ko ta intanet, a ba shi lamba mai alƙaluma goma da ake kira MTCN. Mai karɓa zai je wurin wakili da lambar da katin shaidarsa, ko kuma kuɗin su shiga asusunsa na banki ko na wayar hannu. Kamfanin yana samun riba ta hanya biyu: ladan aikawa, da bambancin farashin canji. Saboda haka ladan da aka rubuta a rasit ba shi ne dukan abin da mai aikawa ya biya ba.

A Najeriya, Nijar da Ghana, iyalai da dama na karɓar kuɗi daga 'yan uwansu mazauna ƙetare ta wannan hanya. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa Afirka kudu da Sahara ce yankin da aika kuɗi zuwa cikinsa ya fi tsada, yayin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke da burin ganin ladan ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari nan da 2030.

Ƙalubale

Da yake ana iya karɓar kuɗin hannu cikin mintuna kuma da wuya a dawo da su, 'yan damfara sun sha amfani da hanyar wajen cutar mutane. A watan Janairun 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 586 ga hukumomin Amurka, bayan ya amsa cewa ya gaza ɗaukar matakan da suka dace na hana damfara da halatta kuɗin haram. An yi amfani da kuɗin wajen biyan waɗanda aka cuta.

Siyasar duniya ma tana shafar aikinsa. A watan Maris na 2022 ya dakatar da harkokinsa a Rasha da Belarus sakamakon yaƙin Yukren. Yana kuma fuskantar gogayya daga MoneyGram da sababbin kamfanoni irin su Wise, Remitly da WorldRemit, waɗanda ke aiki ta manhajar waya da rahusa. Wannan ya sa kamfanin ya ƙara mai da hankali ga aika kuɗi ta intanet, yana kuma riƙe da wakilansa saboda miliyoyin mutanen da ba su da asusun banki.