DJ AB: Suna na wani, wahala ta wani

A gidajen biki na Dawakin Kudu, Kura da Bunkure, da an sako "Da So Samu Ne" sai samari su ɓarke da ihu. Mai waƙar shi ne Haruna Abdullahi ɗan Kaduna, wato DJ AB, wanda zuzuta shi ya ƙaru a 2021 da Mr Eazi ya sa baki a faifansa "Supa".

Amma fa AB da gambarar zamani ya yi suna, ba da kiɗan biki ba. DJ na ainihi shi ne yaron da ya lodo janareta da sifiku a adaidaita-sahu. In mai ya ƙare shi ake harara, in rawa ta wuce gona da iri shi dattawa ke kira. Ko a katin gayyata ba a sa sunansa.