Me ya sa tauraron ɗan'adam ke mutuwa? Bayani kan NigComSat-1R da wa'adinsa

A watan Disambar 2011 aka harba tauraron ɗan'adam na sadarwa mallakar Najeriya, NigComSat-1R, daga cibiyar Xichang da ke ƙasar Sin. Shekara 15 aka tsara masa ya yi yana aiki, wato wa'adinsa na cika a ƙarshen 2026. To me ke ƙayyade wa na'urar da ba ta taka ƙasa tsawon rai?

Amsar tana farawa ne daga yadda ake kai shi can. Aikin roka ya wuce ɗaga kaya sama. Tana ƙona makamashi mai ɗimbin yawa, tana yar da sassanta ɗaya bayan ɗaya domin ta rage nauyi, sannan ta karkata ta ba tauraron gudu ta gefe. Wannan gudun ne ke hana shi faɗowa: duniya na janyo shi, amma kafin ya sauko, doron ƙasa ya riga ya lanƙwashe daga ƙarƙashinsa. Taurarin da ke kusa da ƙasa suna gudun kimanin kilomita 28,000 a sa'a guda.

NigComSat-1R kuwa yana can nesa, kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisan, kewayensa ɗaya daidai yake da juyawar duniya ɗaya, shi ya sa daga ƙasa ake ganin kamar a tsaye yake. Dalilin ke nan da kwanon satalayit da ke kan rufin gida ba ya buƙatar juyawa. Saƙon talabijin ko na intanet yana tashi daga tasha a ƙasa, tauraron ya karɓa, ya ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi kan yanki mai faɗi.

Sai dai tsayuwar ba kyauta ba ce. Wata da rana suna fizgar tauraron a hankali daga gurbinsa, dole injiniyoyi su riƙa kunna ƙananan injinansa daga ƙasa suna mayar da shi. Kowace kunnawa tana cin mai, kuma man da ya tashi da shi shi ke nan gare shi. Idan ya kusa ƙarewa, akan yi amfani da ragowar a tura tauraron sama da kimanin kilomita 300, a kashe shi, don ya ba wasu wuri.

Wani lokaci ma ajali na zuwa da wuri. NigComSat-1, wanda aka harba a Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwambar 2008, bayan wata 18 kacal, saboda matsalar da ta samu farantansa masu zuƙar hasken rana. Da lantarki ya yanke, babu makanikin da zai je ya duba.

Abin lura a nan shi ne lokaci. An sa hannu kan yarjejeniyar ƙera madadinsa a 2009, amma sai ƙarshen 2011 ya tashi, shekara uku bayan mutuwar na farko. Tauraro na iya zarce wa'adinsa idan an yi tattalin mansa, sai dai ƙasar da ta jira har nata ya mutu kafin ta ba da kwangilar sabo, hayar na wasu za ta koma yi, kuma da kuɗin waje ake biyan wannan hayar.