Baƙin Damina a Cikin Badala

Ba sai mutumin cikin birnin Kano ya tafi daji ba kafin ya sha kallon tsuntsaye. Idan damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, ya isa ya fito bayan sallar asuba, tun masu Adaidaita Sahu ba su cika titi ba, ya hau Dala ko Goron Dutse, ko ya bi gefen abin da ya rage na badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya.

Shamuwa ce kan riga kowa isowa. Manoma sun daɗe suna ɗaukar zuwanta a matsayin busharar ruwa, kuma ba camfi ba ne: a kudanci da gabashin Afirka take cin rani, ta biyo ruwan sama zuwa arewa, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar mutane, ta ciyar da 'ya'yanta da fara. Da kaka ta juya. A ƙwaryar birni sai an dace ake ganinta yanzu, don manyan bishiyoyin sun yi ƙaranci. Hasbiya da kurciya da hankaka kuwa 'yan gari ne, tsattsewa kuma tana ta shawagi tana kamun ƙwari.

Amma mai son kallo na gaske, kududdufi zai nufa. Waɗannan ramuka kakanni ne suka haƙa su wajen ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, ruwan sama ya mayar da su tafkuna. Nan balbela ke kiwo, zalɓe ya tsaya cik yana dakon kwaɗo. Nan kuma mazari ke haihuwa. Yara sun san shi da wasan kamu, sai dai kaɗan ne suka san cewa a cikin ruwa yake yin ƙuruciyarsa, ba fiffike, yana farautar tsutsar sauro. Da ya girma ma sauron yake bi a sama. Akwai wani mai launin rawaya-rawaya da kan zo garke guda kafin hadari. Shi wannan bin damina ne aikinsa daga ƙasa zuwa ƙasa. A shekarar 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, da ke zaune a tsibiran Maldives, ya kawo hujjojin da ke nuna irinsa na ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Malam-buɗe-littafi kuma a duba shi wajen tumfafiya, wadda ba a rasa ta a kango ko bakin bola. Mai ruwan goro da baƙin gefe a ganyenta yake ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen, dafin ya zauna a jikinsa. Shi ya sa yake tashi a natse kamar basarake, don tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ba ya marmarin sakewa.

Abin da ido zai nema ya rasa shi ne ungulu. Dattawa sun san lokacin da take cika saman mayanka da rumfunan mahauta. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don magani da tsibbu na cikin manyan dalilan hakan a Najeriya.

Kududdufan ma suna bin sahunta. Ana cike su da shara, a yanka filoti, a kafa shaguna. Mai cikewa zai ce ai matattarar sauro ce, yara ma na nutsewa a ciki, kuma da gaskiyarsa. To amma ruwan da ramin ke shanyewa dole ya nemi wata hanya, sau da yawa tsakar gidajen maƙwabta, ya kwanta a kwata da tsofaffin tayoyi, inda sauro ke hayayyafa ba mazarin da zai rage shi.