Shin Ko Kun San? Kyamarar da ke iya wa ƙurar Daura

Shin ko kun san ƙura ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar hoton jarida a Hawan Magajiya ko Sallar Gani? Da zarar mahaya sun saki linzami a ƙofar fada, duk wanda ya kwance gilashin kyamararsa don ya sauya wani, ya buɗe wa ƙura ƙofa. Gobe sai ya tarar da ɗigo-ɗigo baƙi a kan farin rawani, hoto bayan hoto. Shi ya sa ƙwararru ke rataya kyamara biyu: ɗaya da gilashin 24-70mm don dogarai da 'yan algaita da ke kusa, ɗaya da 70-200mm don jawo fuskar mahayi daga nesa. Wannan na biyun ya kai kilo ɗaya da rabi, ga rana tana dukan ƙeya.

Shin ko kun san sai an ɗauki hoto cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa kafin a tsayar da ƙafar doki mai sukuwa ba tare da ta yi dishi-dishi ba? A rumfar rijiyar Kusugu kuwa matsalar ƙarancin haske ce, sai gilashi mai faɗin baki irin f/2.8.

Shin ko kun san gilashi ya fi kyamara tsawon rai? Nikon ya fito da mahaɗin F, wato bakin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, a 1959, Canon ya fito da EF a 1987. Dukansu sun kawo sabon mahaɗi a 2018, amma da ɗan zoben haɗi tsofaffin gilasai na aiki a sababbin kyamarori. Don haka idan matashi a Mai'adua ko Zango ya tambaye ni, shawarata ɗaya ce: ka sayi kyamara ta hannu, ka zuba ƙarfinka a gilashi. Zaɓen kamfani kamar zaɓen gidan surukai ne, da dangin duka za ka zauna.

Shin ko kun san a 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da masu ɗaukar hotonsa kan Sony? Cikin dalilan har da ɗaukar hoto ba ƙara. Ku tuna ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka yi jana'izar Muhammadu Buhari a Daura. A irin wannan wuri kyamara mai shiru ladabi ce.

Shin ko kun san a 2015 Reuters ya umarci masu aiko masa hoto su turo JPEG kai tsaye daga kyamara, don sauri da rage taɓa hoto?

Batir kuma a tanadi uku, domin sabuwar kyamara, wato marar madubi, cin wuta gare ta, kuma hawa ba ya jiran caji.