Ajin da Babu Allo: Yadda Malaman Daji Ke Zagawa da Baƙi a Yankari

Tambayi ɗalibin sakandare a Zurmi ko Shinkafi abin da ke fara faɗo masa a rai idan ya ji an ce "daji". Da wuya ya ambaci barewa ko zomo. Tsoro zai fara kawowa. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun mai da dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu maɓoyarsu, har yara da yawa sun tashi ba su taɓa fita bayan gari sun tsinko magarya ko aduwa ba. A can kuwa iyayenmu suka koyi sunayen itatuwa da kukan tsuntsaye. Idan ba mu yi hattara ba, wannan ilimi zai bi tsofaffi.

Amma har yanzu akwai dajin da ɗalibai ke shiga da littafi da biro. Shi ne gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000.

A Yankari baƙo ba ya kutsawa daji shi kaɗai. Daga sansanin Wikki ake tashi a mota tare da jami'in gandun daji, irin wanda dattawa ke kira malamin daji. Sunan ya dace da shi. Shi zai nuna muku sawun giwa a ƙasa, ya gane daga kashinta ko ta daɗe da wucewa. Shi zai bayyana muku dalilin da ya sa aka fi ganin namun daji da rani: tafkuna sun ƙafe, don haka giwa da ɓauna da gwanki duk sai sun gangaro Kogin Gaji shan ruwa. Dokokinsa kaɗan ne, amma ba a wasa da su: a rage surutu, kada a sauka daga mota sai da izini, kada a ba gwaggon biri abinci, domin in ya saba, fizgewa zai riƙa yi.

Bayan zagaye akwai ɗakin adana kayan tarihi, inda ake ganin fatu da hauren giwa da kayan da aka ƙwace daga masu farauta ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ke tsayawa wajen digiri 31, rani da damina.

Aikin nan ba na rago ba ne. Waɗannan jami'ai kan yi kwanaki suna sintiri a ƙafa, wasu ma sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Shi ya sa duniya ta ware ranar 31 ga Yuli kowace shekara don tunawa da su. Mai sha'awar aikin ya dage da darasin kimiyyar halittu da aikin gona. A New Bussa ta Jihar Neja akwai kwalejin tarayya da ke koyar da kula da namun daji.

To, kafin hanya ta yi kyau, me za ku yi a Ƙauran Namoda ko Zurmi? Ku fara daga harabar makaranta. Ku roƙi malaminku ya gayyato tsohon mafarauci ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma ya zaga da ku cikin gari. Ku rubuta sunan kowane itace: kuka, tsamiya, kanya, gawo. Ku tambaye shi me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina alhali sauran itatuwa na tohowa. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin shamuwa a bana, ku gwada da ranar ruwan farko. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya wuce bakin gari.

Ranar da zaman lafiya ya dawo, in Allah Ya yarda, dazuzzukanmu za su buƙaci waɗanda suka san su. Wa ya sani ko malamin dajin yana zaune a ajinku?