Aiki Da Karatu: Wa Zai Biya Wa Ƙaramin Ma'aikacin Jami'a Kuɗin Makaranta?

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya bakin titi a Shadawanka, cikin garin Bauchi, zai ga ma'aikata iri biyu suna haramar fita aiki. Ga sojoji na barikin Shadawanka, mazaunin Birged ta 33 ta manyan bindigogi. Ga kuma farar hula suna jiran abin hawa, wasu za su sakatariya, wasu asibiti, wasu kuwa Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko dai harabarta ta Yelwa ko ta Gubi.

Akwai wani bambanci tsakanin waɗannan maƙwabta wanda ba a cika lura da shi ba. Shi soja, ko hafsa ne ko kurtu, zuwa kwas wani ɓangare ne na aikinsa. Rundunarsa ce ke tura shi, ita ke ɗaukar nauyinsa, ƙarin girma kuma yana biyo baya. Amma akawu ko direba ko masinja na jami'a, wanda kullum yake kai da kawowa tsakanin azuzuwa da ɗakunan karatu, in ya so ƙaro ilmi, galibi aljihunsa zai taɓa. Wannan shi ne Hausawa ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tura ma'aikaci ƙaro ilmi ba baƙon abu ba ne a Bauchi. Shi kansa marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda jami'ar ke amsa sunansa, malami ne a Makarantar Midil ta Bauchi sa'ad da aka tura shi Jami'ar London cikin 1945 don kwas ɗin aikin malanta. Malam Aminu Kano ma daga wannan makaranta ya tafi London cikin 1946. Dukansu biyu hukuma ce ta biya, kuma kowa ya san irin ribar da ƙasa ta ci.

Ita jami'ar an kafa ta cikin 1980 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Cikin 1984 aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan cikin 1988 ta sake tsayawa da ƙafarta.

A jami'o'in Gwamnatin Tarayya hanyoyi uku ne ma'aikaci kan bi in yana son ƙarin karatu. Ta farko ita ce hutun karatu da cikakken albashi, wanda ba a ba da shi sai ga wanda aka tabbatar da shi a aiki, kuma sai ya sa hannu kan yarjejeniya cewa zai komo ya yi wa jami'a aiki na wasu shekaru. Ta biyu hutun karatu ba albashi, watau a ajiye masa gurbinsa ya tafi ya ji da kansa. Ta uku kuwa izni ne kawai na yin karatun yamma ko na ƙarshen mako, yana aikinsa yana karatunsa. Yawancin ƙananan ma'aikata masu iyali ta ukun nan suke bi, domin ba mai iya barin albashi ko da na wata guda.

Ga malamai masu koyarwa akwai wata babbar kafa. Sakamakon yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta ASUU ta yi da gwamnati cikin 1992, an kafa asusun harajin ilmi cikin 1993, inda aka aza wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Cikin 2011 aka sake masa doka da suna, ya zama TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati, kuma cikin 2023 aka kai harajin kashi 3. Daga wannan asusu ne ake biya wa malamai kuɗin digiri na biyu da na uku. Amma fa shirin na malamai ne. Ma'aikatan ofis da na ɗakunan gwaji da sauran 'yan ƙungiyoyin SSANU da NASU ba su cikinsa, sai dai ɗan kason da akan ba su na halartar tarurrukan ƙara wa juna sani.

Ba wanda zai musa cewa jami'a ba ta tsayuwa sai da malamai masu zurfin ilmi. To, amma takardar shaida ita ce tsani a wajen sauran ma'aikata ma. A tsarin albashinsu, daga mataki na 1 zuwa na 5 ƙananan ma'aikata ne, daga na 6 zuwa sama manya. Mutum yana iya shekara ashirin yana riƙe da fayilolin ɗalibai, ya san aikin ciki da bai, amma muddin ba shi da difloma ko digiri akwai matakin da ba zai wuce ba. Yana ji yana gani za a kawo yaron da ya gama jiya a ɗora masa, shi ne kuma zai koya masa aikin.

Al'amarin ya ƙara tsanani a 'yan shekarun nan. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi cikin 2024 Naira 70,000 ne. Magidancin da ke kusa da wannan mataki, ga haya ga kuɗin makarantar 'ya'ya, in aka ce ya zaɓa tsakanin karatunsa da nasu, an san wanda zai bari. Ko Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda aka kafa cikin 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar cikin 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo, kuma take da cibiya a Bauchi, ita ma sai an biya kowane zango.

A Amurka jami'o'i da yawa kan yafe wa ma'aikatansu kuɗin karatu duka ko wani kaso, har da masu shara da masu gadi. Dokar harajin ƙasar ma ta taimaka, domin tun 1986 ta yarda wurin aiki ya biya wa ma'aikaci kuɗin karatu har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire masa haraji a kai ba. Hujjarsu mai sauƙi ce: ajin yana nan, malamin yana nan, ƙarin kujera ɗaya ba ta cin wani kuɗi mai yawa, wanda aka ilmantar kuma ba ya saurin barin aiki.

Sai dai su ma masu cin moriya akwai hakki a wuyansu. A ƙarshen 2024 TETFund ta ba da sanarwar dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canjin kuɗi da kuma yadda wasu kan gama su ƙi komowa. Duk wanda ya karya alkawari irin wannan, ƙofa ya rufe wa na bayansa.

Abin da ya kamata majalisun gudanarwa na jami'o'i su duba bai fi ƙarfinsu ba. A rubuta ƙa'ida ɗaya a fili, a manna ta inda kowa zai gani, wadda za ta faɗi ragin da za a yi wa ma'aikacin da ke karatu a jami'ar da yake wa aiki, da sa'o'in da za a sake shi ya halarci darasi, da shekarun da zai yi bayan ya gama. A cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan maimakon a nema gaba ɗaya. A kuma bi layi wajen zaɓe, kada ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Gemu dai ba ya hana ilmi, kuma akawun da ke jiran mota a Shadawanka da littafi a hammata ya riga ya yi nasa ƙoƙarin.